Masu Zane da Haske a Kan Yashi

A Kuki, kamar sauran garuruwan da ke yankin Dutsin-Ma da Kurfi, da wuya ka shiga gida ka rasa waya. Da ita manomi ke jin farashin masara kafin ya ɗora buhu a mota, da ita mai POS ke tura kuɗi, da ita uwa ke jin muryar ɗanta da ya tafi ci-rani Kudu. Mutanen yankin sun ƙara sanin darajarta a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Amma in ka tambayi mai wayar me ke sa ta aiki, batir zai nuna maka ko sikirin. Ainihin mai aikin yana can ciki, manne a jikin fanel, wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu wanda bai kai faɗin farcen babban yatsa ba. Masu gyara na ce wa irinsa IC, babban cikinsu kuma shi ne furosesa, ƙwaƙwalwar waya. A ganina, tun da ɗan Adam ya fara ƙira bai taɓa ƙera abin da ya kai wannan wuyar yi ba, kuma masu yin sa sun cancanci a san su.

Ɗauki Tecno ko Infinix ko itel, waɗanda suka cika aljihunan mutanenmu. Duk ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Transsion ba ya yin furosesa, saye yake yi, galibi daga MediaTek na Taiwan ko Unisoc na Shanghai. Shi kansa MediaTek ba shi da masana'anta. Zane kawai yake yi, kuma tushen zanen ma hayarsa yake ɗaukowa daga kamfanin Arm da ke Kambirij a Ingila. In ya gama sai ya miƙa wa mai ƙira, wanda yawanci TSMC ne, maƙwabcinsa a garin Hsinchu. TSMC kuma injinansa mafi tsada daga Holan suke zuwa, madubin da ke cikinsu daga Jamus, faifan da yake zane a kai mafi yawa daga Japan. Bayan duk wannan zagaye ne wayar ke sauka Kano, kasuwar Farm Centre, ɗan kasuwa ya saro ta zuwa Dutsin-Ma.

Abin da ke cikin furosesa makunnai ne, irin na kunna wuta da kashewa, sai dai ba hannu ke taɓa su ba, lantarki ne. Sunan kowane ɗaya taransista. A kunne yana nufin 1, a kashe yana nufin 0, kuma da waɗannan biyun ake gina duk lissafi, duk hoto, duk muryar da ke fitowa daga waya. An ƙirƙiri taransista a ɗakin bincike na Bell a Amurka a 1947. Irin wanda ya mamaye duniya yau kuwa ya fito ne daga wannan ɗakin a 1959, a hannun mutum biyu: Dawon Kahng ɗan Koriya da Mohamed Atalla, haifaffen Port Said a Masar. Ina so matasanmu su riƙe wannan suna, domin ɗan nahiyarmu ne yake gindin abin. Furosesa na farko da Intel ya fitar kasuwa a 1971, mai lamba 4004, taransista 2,300 ne a cikinsa. M1 da Apple ya fitar a 2020 yana da biliyan 16. H100 na Nvidia, na 2022, yana da biliyan 80. Da za ka zauna ƙirga su ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ka haura shekara 2,500 ba ka gama ba.

To, yaya ake jera biliyoyin abubuwa a wurin da bai kai tafin hannun jariri ba, kowanne a mazauninsa, kowanne da wayoyinsa?

Daga yashi ake farawa, ko a ce daga farin dutsen da yashi ke fitowa daga gare shi. A ƙona shi a ciro silikon, a yi ta tacewa har ya zama cikin ƙwayar zarra biliyan ɗaya da ƙyar a sami baƙuwa guda. A narka shi a zafin da ya haura digiri 1,400, a tsoma ɗan tsinken silikon mai kyau a ciki, a riƙa juya shi ana janyewa sama sannu a hankali. Narkakken ya riƙa bin tsinken yana daskarewa a tsari ɗaya, har a sami doguwar sanda mai kauri wadda duk jikinta tsari guda ne ba karkata. Wani Bapolande, Jan Czochralski, shi ya gano wannan dabara sama da shekara ɗari da suka wuce. Daga nan a yayyanka sandar fale-fale, a goge kowane yanki har ya yi sheƙi. Shi ne faifai, faɗinsa milimita 300, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba.

A kan faifan nan ake zane, kuma wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya riga ya ga tushen dabarar. Marini yakan ɗaure wuraren da ba ya so baba ya kama, ya tsoma ƙyallen, ya tsamo, ya kwance ɗaurin, sai ado ya bayyana. Haka ake yi wa faifai. A shafe shi da wani sinadari mai jin haske, a ɗauko allon da aka zana taswirar wayoyin a kai, a haska ta cikinsa ta yadda hoton zai ƙanƙance ya sauka kan faifan. Inda haske ya taɓa, sinadarin ya sauya hali, a wanke shi ya fita. Inda bai taɓa ba ya tsaya ya kare abin da ke ƙasa. Sai a saki wata iska mai cin jiki ta zaizaye wuraren da aka buɗe, ko a harba ƙwayoyin boron ko fosfaras su nutse a ciki don su sauya yadda wurin ke ɗaukar lantarki, ko a cike ramukan da jan ƙarfe. A goge, a sake shafawa, a kawo wani allon. Haka za a yi ta yi, hawa bisa hawa, sau gommai. Taransistocin suna can ƙasa, a samansu kuma hawa fiye da goma na wayoyin jan ƙarfe da ke haɗa su. Faifai ɗaya yakan bi matakai sama da dubu, ya shafe wajen wata uku a masana'anta kafin ya fito.

Inda gwanintar take shi ne dacewar hawa da hawa. Ma'aunin wannan sana'a nanomita ne, kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Kaurin gashin kai guda yana tsakanin nanomita 50,000 da 100,000. Dole zanen yau ya sauka daidai kan na makon jiya, kuskuren da aka yarda da shi bai wuce nanomita biyu ko uku ba, kuma a kowane lungu na faifan, kuma a faifai dubbai, dare da rana. In zafin ɗakin ya motsa kaɗan, faifan zai buɗe ko ya tsuke, zane ya goce. In babbar mota ta girgiza ƙasa a waje, injin zai ji, shi ya sa ake dasa su a kan ginshiƙan da ke shanye girgiza. Sunayen da ake ji a talla, nanomita 5 ko nanomita 3, sun zama sunayen zubi ne kawai, ba awon wani sashe takamaimai ba, amma ƙanƙantar da suke nuni gare ta gaskiya ce.

Da zane ya yi ta ƙanƙancewa sai haske kansa ya yi kauri. Wanda aka daɗe ana aiki da shi tsawon zangonsa nanomita 193 ne, ya zama ana neman zana layin da ya fi alƙalamin siranta nesa ba kusa ba. Injiniyoyi suka yi ta dabaru: suka sa ruwa tsakanin gilashin injin da faifan don hasken ya ƙara kaifi, suka raba zane ɗaya gida biyu, wani lokaci gida huɗu, ana buga kowanne daban. Kowace dabara ƙarin mataki ce, kowane mataki kuma ƙofa ce ta kuskure. Mafita ita ce haske mai zangon nanomita 13.5, wanda ake kira EUV, kuma kamfani ɗaya tak a duniya ya iya ƙera injin da ke samar da shi ya yi zane da shi: ASML, a wani ɗan gari mai suna Veldhoven a Holan.

Yadda injin ke aiki sai ka ce tatsuniya. Kuza ake narkawa, irin kuzar nan da kakanninmu suka riƙa tafiya haƙa a Jos da Bukuru, a riƙa fesa ta ɗigo-ɗigo, ɗigo 50,000 a kowace daƙiƙa, kowanne bai kai kaurin gashi ba. Kowane ɗigo yana cikin tafiya hasken leza zai same shi sau biyu: bugun farko ya baje shi, na biyu ya mayar da shi wuta mai zafin da ya ninka na fuskar rana sau da yawa. Daga wannan wutar hasken ke fita. Iska na shanye shi, don haka sai an zuƙe iskar cikin injin ƙaf. Gilashi ma na shanye shi, don haka ba a ratsa shi ta gilashi, sai dai a yi ta karkata shi da madubai, waɗanda kamfanin Zeiss na Jamus ke gogewa. Santsinsu ya kai da za a buɗa ɗaya ya yi faɗin ƙasar Jamus, tudun da ya fi tsawo a kansa ba zai kai milimita ɗaya ba. Injin guda ya kai nauyin tan 180, kuɗinsa ya haura dala miliyan 150, sabon samfurin kuwa ya ninka haka. An shafe sama da shekara ashirin ana fama da shi, mutane da yawa sun yanke ƙauna, har a 2012 Intel da TSMC da Samsung, abokan hamayyar juna, suka zuba kuɗi a ASML don kada aikin ya mutu. Sai a 2019 aka fara ganin amfaninsa a kayan da ke kasuwa. Wannan haƙurin yana burge ni fiye da injin kansa.

Sai babbar abokiyar gaba, ƙura. Mu da muke shan hazon hunturu, muke share tabarma da safe kafin azahar ta sake yin fari, mun san ƙura ba ta neman izini. Ƙwayarta guda in ta sauka kan faifai ta isa ta datse waya ko ta haɗa biyun da bai kamata su haɗu ba. Saboda haka iskar ɗakin ƙira daga rufi take sauka ta cikin matatai, ta fice ta hujojin daɓe, ba ta tsayawa. Ya fi ɗakin tiyata tsabta sau dubbai. Ma'aikaci yana rufe ne tun daga kai har ƙafa, ba kwalli, ba hoda, ba turare, ba takarda irin tamu, domin jikin mutum shi ne babbar hanyar datti. Faifan ma a cikin rufaffun akwatuna yake yawo, a kan layin dogo da ke maƙale a rufi, daga inji zuwa inji.

Duk da haka ba a rasa aibi, kuma a nan ne ake cin kasuwa ko a faɗi. Faifai ɗaya yana ɗaukar furosesan waya wajen 600. Babbar ƙwaƙwalwar hoto irin H100, mai faɗin murabba'in milimita 814, kimanin 60 kawai yake ɗauka. A ƙaddara aibi ashirin ya watsu a kan kowane faifai. Mai ƙananan ya yi asarar ashirin cikin ɗari shida, bai ji komai ba. Mai manyan kuwa yana iya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku, alhali kuɗin faifan ɗaya ne. Wannan ya sa masu zane suke barin rara. Cikakken zanen H100 yana da rukunin lissafi 144, amma wanda ake sayarwa 132 ne ke aiki a babban samfurinsa, don in aibi ya faɗa wa wasu a kashe su a sayar da sauran. Haka ma yawancin bambancin da kake gani tsakanin furosesa mai tsada da mai araha na gida ɗaya: tare aka toya su, gwaji ne ya raba su, wanda ya fi lafiya da gudu ya tafi layin tsada. A kowace masana'anta akwai injiniyoyin da ba su da aiki sai bin sawun aibi. Su ɗauki taswirar faifai su ga matattun sun taru a gefe ɗaya, ko sun yi zobe, ko sun ja layi, daga siffar nan su gane wane inji ne cikin ɗaruruwa ya fara gajiya. Wannan ilimi ba ya cikin littafi gaba ɗayansa; a kan mutanen da suka daɗe a wurin yake.

Tarihin gasar ya tabbatar da haka. Intel, wanda Robert Noyce da Gordon Moore suka kafa a 1968, ya shekara da shekaru yana gaba da kowa, shi ke zane shi ke ƙira. AMD, da aka kafa a 1969, yana biye yana haki, har nauyin masana'anta ya fi ƙarfinsa ya rabu da ita a 2009. Ita ce ta zama GlobalFoundries da kuɗin Abu Dhabi. A can Taiwan kuwa, Morris Chang, bayan shekara 25 a Texas Instruments, ya kafa TSMC a 1987 yana da shekara hamsin da 'yan kai, bisa wani alƙawari: ba zai zana nasa ba, na mutane zai riƙa ƙerawa, don haka ba zai taɓa zama kishiyar mai kawo masa aiki ba. Da yawa sun raina tsarin. Amma mai yi wa kowa aiki ya fi kowa yawan faifai, mai yawan faifai ya fi kowa ganin aibi iri-iri, wanda ya fi ganin aibi kuma ya fi saurin koyon maganinsa.

Ranar da abin ya juya ta zo ne da zubin nanomita 10 na Intel. Kamfanin ya so ya yi dogon tsalle lokaci guda, ba tare da EUV ba, ta hanyar raba zane gida-gida. Adadin da ke fitowa lafiya ya ƙi tashi. Abin da aka sa ran gani wajen 2016 bai wadatu a kasuwa ba sai 2019. Kuɗi ba su ƙare wa Intel ba, masana ma ba su ƙare ba, amma faifai ba ya jin sunan kamfani. A daidai lokacin TSMC ya fitar da nanomita 7 a 2018, a shekarar da GlobalFoundries ya sanar ya haƙura da wannan tsere saboda tsada. AMD, ƙarƙashin Lisa Su da ta karɓi ragama a 2014, ya fito da furosesan Ryzen a 2017, ya koma wa TSMC, ya kuma kawo dabara mai kyau: maimakon babbar ƙwaƙwalwa guda da aibi ɗaya zai kashe, a yi ƙanana da dama, a zaɓi lafiyayyu a haɗa su a gida ɗaya. Apple ya fara barin furosesan Intel a 2020. Yau masu iya zubin ƙarshe uku suka rage, TSMC da Samsung da Intel, kuma fiye da rabin aikin ƙirar haya na duniya a hannun TSMC yake.

Labarin ƙwaƙwalwar hoto ya ɗan bambanta. Furosesa ma'aikata kaɗan ne masu ƙarfi, kowanne na iya aiki mai sarƙaƙiya. Ƙwaƙwalwar hoto dubban ƙanana ne da ke yin lissafi mai sauƙi a lokaci ɗaya, domin haka hoto ke bukata, kowane ɗigo da launinsa. Don wasannin kwamfuta Jensen Huang da abokansa biyu suka kafa Nvidia a 1993. Wajen 2006 kamfanin ya fito da CUDA, hanyar da masu rubuta manhaja za su sa ƙwaƙwalwar hoto ta yi musu kowane irin lissafi, ya kuma yi shekaru yana kashe kuɗi a kai ba riba a fili. A 2012 wasu ɗalibai biyu da malaminsu Geoffrey Hinton a Jami'ar Toronto suka koya wa kwamfuta gane hotuna da katin Nvidia guda biyu, suka ba kowa rata. Daga nan ƙofar ƙirƙirarriyar basira ta buɗe. Bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 aka shiga layin H100, darajar Nvidia ta haura dala tiriliyan ɗaya a 2023, ta kai tiriliyan huɗu a 2025. AMD, da ya sayi kamfanin ƙwaƙwalwar hoto ATI a 2006, yana fafatawa, Intel ma ya shigo da tasa mai suna Arc a 2022. Sai dai duk girman Nvidia, ko taransista ɗaya ba ya ƙerawa da kansa. A 2023 abin da ya taƙaita kayansa ma ba zanen faifai ba ne, matakin ƙarshe ne na liƙa ƙwaƙwalwar da rumbun ajiyarta a kan faranti guda, wanda TSMC bai da isassun layukansa a lokacin.

Gwamnatoci sun farga. Ƙarancin IC na 2020 zuwa 2022 ya tsayar da masana'antun mota a Turai da Amurka da Japan. A 2021 fari ya sa TSMC jigilar ruwa da tankoki, domin wanke faifai na cin ruwa mai yawan gaske, sanyin Texas kuma ya kashe wuta ya rufe masana'antar Samsung ta Austin tsawon makonni. Amurka ta ware wajen dala biliyan 52 a 2022 don dawo da ƙira gida, ta kuma hana a sayar wa Sin manyan ƙwaƙwalen basira da injinan zamani. Sin ta mayar da martani a 2023 da wayar Huawei mai furosesan nanomita 7 da kamfaninta SMIC ya ƙera ba da EUV ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne masana'antar TSMC ta Arizona. Kuɗi akwai, fili akwai, injina akwai, amma a 2023 aka ɗage fara aiki, dalilin da kamfanin ya bayar kuwa shi ne ƙarancin ƙwararrun hannu.

Hannun da ya fi kusa da wannan sana'a a wajenmu yana rumfunan gyaran waya, a Dutsin-Ma da Katsina da Farm Centre. Ba mai canza sikirin nake nufi ba, mai aikin fanel nake nufi. A kawo masa wayar da ta mutu murus, mai ita na cewa, "Don Allah Malam, lambobina da hotunan yara duk suna ciki." Ba zai fara da wuta ba. Zai jona ta da injin ba da lantarki ya kalli yadda take ja, ya bi layuka da mita yana sauraron ƙara, ya ɗiga sifirit a fanel ya ga inda ya fara bushewa, domin nan ne zafi yake. In ya tabbata furosesa ne ƙafafunsa suka saki, sai ya rufe maƙwabtansa da tef mai jure zafi, ya shafa man liƙi, ya ɗauki buluwa. A ƙarƙashin ɗan baƙin abin nan akwai ƙwallayen dalma ɗaruruwa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai rabin milimita ba, kuma ido ba ya ganinsu. Dalmar masana'anta, wadda galibinta kuza ce, tana narkewa wajen digiri 217. In zafi ya gaza ya ɗaga, zai tsinke layukan fanel. In ya zarce, zai dafa ƙwaƙwalwar. Yana juya buluwar a hankali, hantsaki na ɗaya hannun yana ɗan taɓa gefe, har ya ji abin ya yi laushi yana shawagi. Sannan ya ɗaga, cak.

Daga nan aiki ya koma ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ya kankare baƙin gam, ya share tsohuwar dalma, ya ɗora wani siririn faranti mai hujoji daidai da ƙafafun, ya shafa sabuwar dalma mai kama da kwaɓi, ya hura zafi. Kana kallo za ka ga kowane huji ya dunƙule ya zama ƙwallo mai ƙyalli, sahu-sahu. In guda ta fi sauran girma ko biyu sun manne, sai a share a sake daga farko. Ya duba ɗigon da ke kusurwa don kada ya juya shi, ya mayar, ya sake hura zafi, narkakkiyar dalmar da kanta ta ja furosesan ya zauna daram. In fanel ɗin ne ya lalace, yakan ɗauke furosesa da rumbun ajiya tare ya dasa su a wani, domin a wayoyin yanzu ɗaya ba ya buɗe sirrin ɗaya sai da ɗan'uwansa. Duk wannan a rumfar da ƙura ke shiga, da wutar janareto ko ta sola. Za ka ji maigida na ce wa yaronsa, "Kashe fankar nan, kada ka yi numfashi a kai," yaron ya ce, "To, Oga." Awo kafin taɓawa, tsabta, sanin zafi, haƙurin sakewa: halayen da ake nema a Hsinchu ke nan, kuma ga su a gabanmu a hannun matasan da yawancinsu a gindin wani suka koya, ba a aji ba.

Ba na cewa za a gina masana'antar dala biliyan 20 a gefen madatsar Zobe. Mai cewa haka bai san abin da take ci na wuta da ruwa ba. Amma waɗanda ke gaba yau ba daga sama suka fara ba. Malesiya ta shiga harkar ne a 1972, da Intel ya buɗe wurin harhaɗawa da gwaji a Penang, kuma har gobe tana cikin manyan masu wannan aiki. Taiwan ta fara ne da tura tawagar matasan injiniyoyi Amurka a 1976 su koyo a kamfanin RCA, su suka dawo suka zama ginshiƙan masana'antar. Zane kuwa ba ya bukatar masana'anta, kwamfuta da ilimi yake bukata, kuma akwai tsarin RISC-V da aka fara a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 2010, wanda kowa ke da izinin ɗauka ya gina a kai kyauta.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, tana da ɗaliban kimiyyar kwamfuta da na fiziks da suka san lissafin taransista amma da yawansu ba su taɓa ɗaga IC ba. A bakin titi kuma ga masu ɗaga IC kullum waɗanda ba a taɓa zana musu yadda yake aiki a ciki ba. Kirana ga jami'ar da gwamnatin jihar Katsina shi ne a haɗa waɗannan biyun a ɗaki ɗaya: gajeren kwas na yamma, da Hausa, da madubin ƙara girma da buluwa da mita masu kyau, da wutar da ba ta yankewa, da takardar shaida a ƙarshe. Iyaye kuma a Kuki da Kurfi da kewaye, in yaro ko yarinya ta nuna sha'awar buɗe rediyo ko matacciyar waya, kada a kwaɗe hannun. A kai su wurin gwani su koya, a kuma bar su a makaranta.